Zaren rama a madadin mat na faiba: zai yi, ko ɓarnar rezin ce?

Faiba_KofarRuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga injiniyoyin gidan nan da duk wanda ya taɓa harkar. Sana'ata aikin faiba ce. Ina ɗinke bambar mota da ta fashe, ina zuba akwatin bayan babur na masu kai saƙo, da murfin janareta, wani lokaci har rufin Keke. Kayan aikina uku ne, rezin (ruwan roba mai daskarewa) da hadina (maganin da ke sa shi ya daskare) da mat ɗin gilashi (shimfiɗar zaren gilashi), kuma duk daga waje ake shigo da su. Tun da dala ta tashi, kuɗin mat ya hana mu sakat. Wani ɗan jami'a da ya kawo mini gyara ya ce wai a Turai har ƙofar mota ake yi da zaren rama, ramar nan dai da muke kwaɗo da ita. In gaskiya ne, me zai hana in sayo ɓawon rama a kasuwar ƙauye in shimfiɗa a mol, wato mazubin da ke fitar da siffar kaya, in zuba rezin? Ko yaron raina mini hankali ya yi?

Abba_Sharada:
Oga in ta yi ka sanar da mu, mu zo da ƙuli da manja mu cinye bambar.

Injiniya_Samaru:
Wa alaikumus salam. Malam, yaron bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ka. Motar lantarki ta BMW i3 da ta fito a 2013, bangon ƙofofinta na ciki da rama aka yi shi, kuma da gangan suka bar zaren a fili kana ganinsa. Toyota ta fara sa rama a cikin ƙofa tun shekarar 2000, Ford ma ta sa a Escape. Mercedes kuwa ta yi amfani da zaren abaka, wani dangin ayaba na ƙasar Filifin, a murfin da ke ƙarƙashin wurin ajiye safaya na A-Class.

Amma ka lura da abu biyu. Yawancin waɗannan kayan a cikin mota suke, inda ruwan sama ba ya dukansu kuma ba su ɗauke da nauyin motar. Sannan ba irin aikinka na buroshi da hannu ake yi ba. Ana tsefe zaren rama a cakuɗa shi da zaren roba nau'in polipropilin, kusan rabi da rabi, a yi wani bargo mai kauri da su, a gasa shi har robar ta narke, sai injin matsi ya danne shi a mol cikin ɗan lokaci. Abin da ya ja hankalin kamfanonin shi ne rashin nauyi. Zaren gilashi ya ninka nauyin ruwa kusan sau 2.5, na rama bai wuce sau 1.5 ba. Ga kuma dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 da ta ce daga 2015 dole a iya sake amfani da kashi 95 cikin ɗari na nauyin motar da ta mutu, ko dai a sarrafa ko a ƙona a samu makamashi. Gilashi in ka ƙona shi yana nan, zaren tsiro kuwa toka kaɗan yake bari.

Wajen ƙarfi fa gilashi ya yi gaba. Zarensa yana jure ja na megafaskal (ma'aunin ƙarfi ke nan) 2,000 zuwa sama da 3,000 kafin ya tsinke. Rama mai kyau ba ta cika kai 1,000 ba, ta algarara ƙasa da haka.

Faiba_KofarRuwa:
Na gode Injiniya. Ke nan in na fahimce ka, sai na ninka kauri kafin in kamo ƙarfin mat?

Injiniya_Samaru:
Kusan haka, amma ba ko'ina ake neman wannan ƙarfin ba. Murfin janareta me yake ɗauka? Tauri ake so kada ya lanƙwashe, kuma a wajen tauri zaren tsiro bai yi wa gilashi nisa sosai ba in ka auna da nauyinsa. Matsalarka ta gaske ba ƙarfi ba ce, ruwa ne. Bari masu kimiyyar sinadarai su shigo.

Baba_Magini:
Ni ban yi boko mai nisa ba amma wannan ai tsohon zance ne a wurinmu. In za mu kwaɓa ƙasar gini, sai mun zuba ciyawa mun tattake, mu bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kaɗan. Ƙasa zalla in ta bushe tsagewa take, ciyawar ce ke riƙe ta. Rezin ɗin naku shi ne ƙasar, zaren shi ne ciyawar. Kuma yadda katangar ƙasa ke tsoron damina in ba a yi mata yaɓe ba, haka wannan naku zai ji tsoronta.

Malama_Hauwa_Kimiyya:
Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗora kaɗan.

Zaren kowane tsiro abu uku ne manya a cikinsa: seluloz wanda shi ne ƙarfin, sai hemiseluloz da lignin da ke lulluɓe da shi, da ɗan danƙo da kakin da ke manne zarurrukan. Seluloz da hemiseluloz masoya ruwa ne, haka Allah ya halicce su don tsiro ya sha. Zaren da kake gani a bushe a ɗaki yana ɗauke da ruwan da ya kai wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa. Shi kuwa rezin na poliyesta da robar polipropilin ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. To ka haɗa mai son ruwa da maƙiyin ruwa, ba za su kama juna da kyau ba. Za a samu 'yar tazara tsakanin zare da rezin wadda ido ba ya gani. Da laima ta samu hanya ta gefen da ka yanke ko ramin da ka huda na kusa, zaren zai sha ya kumbura, rana ta fito ya motse, a hankali ya saki rezin ɗin. Daga nan sai fumfuna.

Maganin da aka fi yi, kuma kana iya yi a shagonka, shi ne jiƙa zaren a ruwan soda, wannan da mata ke haɗa sabulu da ita. Giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, wato kashi 5 cikin ɗari. Ka bar shi 'yan awoyi, ka ɗauraye sosai har santsin ya fita, ka ɗan zuba ruwan binega a ɗaurayar kusa da ƙarshe don ya kashe ragowar sodar, sannan ka shanya. Sodar tana cinye kaki da wani kaso na hemiseluloz da lignin, fuskar zaren ta yi kaushi, rezin ya samu wurin kamawa. Dabarar ta tsufa, wani Bature ɗan Ingila John Mercer ne ya gano tasirin soda a kan auduga tun 1844. Kada ka ce bari in ƙara soda don ya fi kyau, in ta yi yawa ko ta daɗe seluloz ɗin kansa take ci, zaren ya koma yana marmashewa.

Don Allah a kula: soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba. A sa safar hannu, a kare ido, kuma kada a haɗa a tukunyar alminiyam, tana cin ta. Bokitin roba ya isa.

Sadiq_07:
Wai ba wannan ba ce tabar wiwi da na ji ana cewa Turawa na yin mota da ita? Kada fa a jefa bawan Allah hannun NDLEA.

Injiniya_Samaru:
@Sadiq_07 a'a, tsirrai biyu ne daban. Rama 'yar uwar yakuwa ce da kuɓewa da auduga. Ganyen wani nau'inta ne kawai yake da yatsu kama da na wiwi, shi ya sa ake ruɗewa. Gaskiya ne a Faransa da Chana ana noman wani nau'in wiwi marar sa maye don zarensa, amma a nan doka ba ta bambanta ba, don haka babu ruwanmu da shi.

Manomi_Gumel:
Ina ta karanta ku ina murmushi. Kuna ta maganar rama kamar abu ne da za a shiga kanti a ce a auno kilo goma. Mu a nan a gefen gona ake yafa ta, ta zama iyaka tsakaninka da maƙwabci. Mata su tsinki ganye, in kaka ta yi a sare, a ɗaure dami-dami a kai kududdufi a danne da dutse. Sati ɗaya zuwa biyu ɓawon ya saki, a ɗaye a wanke a shanya, tsofaffi su tuƙa igiyar ɗaure dabbobi da ta guga. Wanda ba ya son wahalar jiƙo ɗanyen ɓawo yake ɗayewa kawai, shi ne wannan mai tauri da za ka gani a kasuwa.

To abin da nake so Malam mai faiba ya sani, ramar da aka bari ta yi 'ya'ya zarenta ya tsufa, ya yi gautsi. Wadda aka sare tana fara fure ita ce mai laushi da ƙwari. Wadda ta wuce kwana a ruwa ta ruɓe, wadda ba ta kai ba ɓawo na manne da ita. Dami biyu daga gona ɗaya ma ba za su zo iri ɗaya ba. Kai kuma ka saba da mat da kowane nadi yake daidai da ɗan uwansa.

Injiniya_Samaru:
Wannan da Alhaji na Gumel ya faɗa shi ne abin da ya fi damun masana'antu a duk duniya, fiye ma da ruwa. Injiniya yana son lamba ɗaya da zai yi lissafi da ita. Ka duba alƙaluman ƙarfin zaren filas na Turai wanda ake yin yadin lilin da shi, za ka ga daga ƙasa da megafaskal 500 har zuwa 1,500. Da wanne za ka yi zane? Shi ya sa waɗanda suka ci nasara suka fara daga gona. A arewacin Faransa, yankin Normandi, iri da ranar tuge shuka da kwanakin da za ta yi a ƙasa raɓa na jiƙa ta duk a tsare suke. Malesiya kuma hukuma guda ta kafa don rama, ta sa manoman taba a jihohin Kelantan da Terengganu su koma nomanta.

Usman_POP:
Tunda an ambaci filas bari in sa baki. Mu masu silin POP kullum da zaren tsiro muke aiki. Farin zaren nan da muke tsomawa a kwaɓin POP mu ɗaure silin da shi a jikin katako, sisal ne, zaren ganyen wani tsiro, kuma shigo da shi ake yi, galibi daga gabashin Afirka, Kenya da Tanzaniya. Na sha tambayar kaina me ya sa ba ma amfani da rama. Na taɓa gwadawa da na samu wadda aka jiƙa da kyau, ta kama, sai dai ta fi sisal laushi kuma in ba a wanke ta sosai ba tana fitar da wani ruwan ƙasa-ƙasa a fuskar silin, mai gida ya ce ka ɓata masa aiki.

Malama_Hauwa_Kimiyya:
Malam Usman, naka ya fi sauƙi domin POP da ruwa ake kwaɓa shi, shi da zaren jirgi ɗaya ya kwaso su. Siminti ne mugu. An yi ta yin rufin siminti da sisal a gabashin Afirka a shekarun 1970 da 1980, da farko lafiya, bayan 'yan shekaru sai ya yi gautsi, saboda kaifin simintin yana cin zaren a hankali. Amma mun fara nisa da tambayar mai faiba.

Zainab_Polymer:
Ni aikin kammala digirina ke nan, zaren rama da poliyesta. Abin da na gani da idona: samfurin da na wanke da soda ya fi wanda ban wanke ba ƙarfi a injin ja, kuma da na jiƙa su a ruwa ya fi jinkirin shan ruwa. Amma duka biyun sun sha. Wanda bai sha komai ba na gilashi ne. Sannan yadda ka jera zaren yana da tasiri ƙwarai. In ka miƙar da shi duk ta fuska ɗaya, ta wannan fuskar yana da ƙarfi sosai, ta ɗaya fuskar kuma da hannu za ka ɓalle shi. In ka yayyanka gajeru ka barbaza, ƙarfin ya ragu amma ya bazu ko'ina.

Abin da ke ba ni haushi shi ne duk shekara ɗalibai na yin wannan aikin a jami'o'inmu, wannan da rama, wancan da soso, wani da ɓawon kuka, wani da kaba, wani da ɓawon kwakwa. A yi jarrabawa, a ɗaure littafi, a ajiye a kanta ƙura ta rufe. Babu wanda ya taɓa zuwa wurin irin su Oga na Ƙofar Ruwa ya ce ga abin da muka samu.

Abba_Sharada:
'Yar uwa ai ga shi kin zo yanzu. Oga a ba ta kujera.

Tsohon_Maaikaci_Jos:
Yaran nan ba ku san an taɓa yin harkar nan da gaske a ƙasar nan ba. A shekarun 1960 an kafa masana'antar buhu a Jos da wata a Badagry, don a daina sayo buhunan da ake zuba gyaɗa da koko daga waje, kuma rama aka yi niyyar ciyar da su da ita. Duk sun daɗe da rufewa. Buhun leda ya zo ya fi araha, zaren gida kuma bai taɓa isar injinan ba. Har yau cibiyar binciken noma ta Moor Plantation a Ibadan tana fitar da irin rama, akwai waɗanda ake kira Ifeken, hukumar RMRDC mai binciken albarkatun masana'antu ma ta daɗe tana kiran a koma nomanta. Amma manomi ba zai cika gona da abin da ba shi da mai saye ba, mai masana'anta kuma ba zai kafa inji ba sai ya ga zare a ƙasa. A nan aka tsaya tun ina saurayi.

Manomi_Gumel:
Baba na Jos ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wata huɗu zuwa biyar rama ta isa sara, ta fi mutum biyu tsawo in ƙasa ta karɓe ta. Amma kashi ɗaya cikin uku na karan ne kawai ɓawo, sauran farin karan nan ne marar nauyi da muke hura wuta da shi. Ga wahalar jiƙo, ga warin kududdufi, ga mutanen gari na faɗa an ɓata ruwan da shanu ke sha. In ba injin ɓare kara aka kawo ba, gara in shuka riɗi.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan wajenmu abin da muke da shi da yawa kaba ce ta goriba, da ita ake tabarmi da igiya da faifai. Ita ba ta yi? Kuma ina jin labarin kachalla da ta cika ruwa wajen Hadeja da Nguru ta hana noma da su. In ana neman zare kyauta ai ga shi nan.

Zainab_Polymer:
Yaya Issoufou, kowane tsiro yana da zare, amma ba kowane ne ya cancanci wahalar cirewa ba. Na ɓawon kara, irin rama da lalo da lilin, su suka fi tauri. Na ganye, irin sisal da abaka, suna biye. Na kwakwa ba shi da tauri sam, sai dai yana miƙewa sosai kafin ya tsinke kuma ya fi jure ruwa saboda yawan lignin. Kaba da kachalla an fi samun amfaninsu in an niƙa ko an daddatsa an yi allo da su, kamar na silin ko na raba ɗaki. Af, kuma lalo da muke miya da shi, ɗaya ne daga tsirrai biyu da ake samun zaren algarara a Indiya da Bangaladash. Can tsawo suke bari ya yi, mu kuwa muna tsinke shi tun yana ƙarami.

Mai_Injin_Roba:
Ni ina narka tsofaffin robobi ne, bokitai da kujeru da jarkoki, muna fitar da ƙwaya muna sayar wa masu zuba kaya. Mun taɓa gwada zuba buntun shinkafa da garin katako a ciki don a rage kuɗi. Abin da ya fito baƙi ne, yana warin ƙauri, ga ramuka a ciki kamar an hura masa iska. Muka watsar. Yanzu da na ga zancen Malama na ruwa sai nake zargin ko rashin busarwa ne.

Injiniya_Samaru:
Biyu ne suka haɗu maka. Ramukan tururi ne, ruwan da ke cikin buntun ya tafasa a cikin injin. Ƙaurin kuma zafi ne. Zaren tsiro yana fara ƙonewa da an haura digiri 200. Polipropilin tana narkewa wajen 165, ledar fiya wata ƙasa da haka ma, don haka da su ana iya aiki in ka riƙe zafin injin ƙasa da 190 kuma ba ka bar kayan sun daɗe a ciki ba. Robar gorar ruwa kuwa sai wajen 250 take narkewa, kafin nan zarenka ya zama gawayi. In kayanka a cakuɗe suke, ka san inda matsalar take. Akwai kuma wani sinadari da ake kira MAPP, ana zuba kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, gefensa ɗaya na kama zare ɗayan na kama roba.

Sai dai a bambance: buntu da garin katako cikon ciki ne, suna ƙara tauri suna rage kuɗi, amma ba sa ƙara ƙarfin ja kamar dogon zare. Duk da haka kasuwa ce babba. A Amurka kamfanin Trex da tsofaffin ledoji da garin katako yake yin allunan daɓen baranda.

Green_Arewa:
Abin da ya fi burge ni shi ne muhalli. In muka koma zaren tsiro, kayan in sun lalace sai su ruɓe su koma ƙasa, a huta da robobin da suka toshe mana kwatoci.

Malama_Hauwa_Kimiyya:
Ƙanena a nan kam ban yarda ba. Zaren zai so ya ruɓe, amma yana kulle cikin rezin da ba ya ruɓewa. Poliyesta in ta daskare ta daskare ke nan, ba ta narkuwa balle a sake zuba ta. Ka tambayi Jamusawa labarin Trabant, motar Jamus ta Gabas da aka ƙera daga 1957 zuwa 1991 a garin Zwickau, sama da miliyan uku. Jikinta tarkacen auduga ne da rezin na finol, saboda ƙarancin ƙarfen da suke fama da shi. Ba ta tsatsa, ta yi ƙarko, amma da katangar Balin ta faɗi mutane suka yi ta yasar da su, rasa yadda za a yi da gangar jikin aka yi. Ko robar PLA da ake yi daga masara, wadda Toyota ta haɗa da rama a murfin safayar motar Raum a 2003, ba ta ruɓewa a bola haka kawai, sai a wurin takin masana'anta mai zafin kusan digiri 60.

Ribar muhallin tana wani wuri. Kafin a ja zaren gilashi sai an narka yashi a zafin da ya haura digiri 1,000, rama kuwa rana da ruwan sama ne suka yi ta. Kuma mai aikin ba zai kwana yana susa ba.

Faiba_KofarRuwa:
Wallahi Malama susar nan kaɗai ta isa dalili. Duk ranar da na yi gurzar faiba sai na yi wanka da ruwan sanyi kafin in iya barci.

To ga rahoto. Na samo rama wadda aka jiƙa, na wanke da soda yadda kika ce, na shanya, na zuba ɗan faranti na gwaji. Abu na farko, zaren ba ya kwanciya. Mat da ka shafa masa rezin yake lafewa a jikin mol, wannan kuwa tashi yake yana turo buroshi. Na biyu, shan rezin. Abin da zai ishe ni faranti biyu da mat, wannan ɗaya ya shanye. Na uku, ya fito da fararen tabo da ƙananan kumfa. Da na taka shi bai karye ba, kuma ya fi na gilashi rashin nauyi kaɗan. Amma in na yi lissafi, abin da na tsira da shi a kuɗin mat na mayar da shi a kuɗin rezin, har da ƙari.

Abba_Sharada:
An gudu ba a tsira ba ke nan.

Zainab_Polymer:
Oga haka ya yi mini da farko. Zaren tsiro yana da rami a tsakiyarsa kuma ba ya lafewa, dole sai an matse. Ka yi mol mai murfi, namiji da mace, ka shimfiɗa leda, ka ɗaure da kilam ko ka sa jak ɗin mota ya danne har rarar rezin ta fito ta gefe. Fararen tabon kuma wuraren da rezin bai ratsa ba ne ko laima. Shanyar rana ba ta isa ba in da damina ne. Ka sa zaren a oven ɗin gasa burodi bayan an sauke, lokacin da zafin ya sauko wajen digiri 70 zuwa 80, ka yi aiki da shi nan take kafin ya sake shan iska. Da hunturu a Kano kam iskar kanta ta yi maka rabin aikin.

Injiniya_Samaru:
Ni shawarata ta bambanta kaɗan. Ka bar sakakken zare tukuna, ka nemi buhun algarara. An riga an saƙa shi, kaurinsa ɗaya, yana kwanciya a mol. Ka wanke shi da omo da ruwan zafi kafin soda, domin a masaƙa ana shafa wa zaren mai don ya bi inji, kuma man nan yana hana rezin kamawa. Sannan kada ka kori gilashi gaba ɗaya. Sa mat siriri a waje, algarara biyu a tsakiya, mat siriri a ciki, ka shafe duk gefen da ka yanke da rezin. Gilashin ya tare ruwa da duka, algarara ta ba ka kauri. Ka rage mat da rabi ke nan.

Bamba kuwa kada ka fara. Abin da zai sha karo da ruwan kwata ba wurin gwaji ba ne.

Malama_Hauwa_Kimiyya:
Injiniya, in ya koma algarara ai ya koma kayan Bangaladash, dalar da yake gudu tana nan. Tambayarsa a kan rama ce ta gida.

Injiniya_Samaru:
Tsohon buhu Malama, wanda ya gama aikinsa a Dawanau. Ranar da aka samu mai tsefe rama ya dinƙa fitar da ita shimfiɗa-shimfiɗa mai kauri ɗaya, ni zan fara cewa a saya. Porsche ta sa ƙofofin zaren lilin a motar tsere ta 718 Cayman GT4 Clubsport a 2019, amma saƙaƙƙen yadi aka kai musu, ba dami ba.

Kanikawa_Zoo_Road:
Ku dakata, ni tambayata gara. Akwatin da aka yi da buhu a ciki, in aka ajiye shi a ƙasa a shago, ba za ta ci ba?

Baba_Magini:
In ta samu ƙofa za ta shiga. Gara ba ta raina rami.

Manomi_Gumel:
@Faiba_KofarRuwa in da gaske kake, ka faɗa mini tun kafin ruwa ya sauka in ware maka kunya goma in shuka ta a matse don ta yi tsawo ba reshe, in sare tana fure. Amma a yi ciniki tun yanzu, kuma jiƙon wa zai yi, ni ko kai?

Faiba_KofarRuwa:
Alhaji bari in ga yadda na algarara zai yi tukuna. Zan zuba murfin janareta biyu, ɗaya yadda Injiniya ya ce, ɗaya rama zalla a matse da jak yadda Zainab ta ce, in jefa su kan rufin shago su sha damina. @Zainab_Polymer hadina fa, daidai yadda nake sa wa mat zan sa ko a ƙara? Na ga kamar wannan ya fi jinkirin kamawa.

Zainab_Polymer:
Kada ka wuce kashi 2 cikin ɗari. In ka ƙara zai yi zafi ya kama kafin ya ratsa zaren, kuma mai kauri yana iya tsagewa. Jinkirin daga laima ne, ka gyara busarwar ka gani. Kuma ka auna nauyin kowane murfi a sikeli ka rubuta kafin ka ɗora su a rufin, in ba haka ba ba za ka san nawa suka sha ba.

Usman_POP:
Alhaji na Gumel, in mai faiba bai shirya ba ni ina so. Nawa za ka sayar da dami in an jiƙa an wanke fes?